Maganar Ranau da Zauren Surukina

Kai, mai jar hula, ajiye wayar nan tukuna. Na ga ka ɗauki hoton takardar mutumin da ya fita yanzu, wai don ka karanta a gida. Goge shi ina kallo. Yauwa. Ku 'yan yanzu kun ɗauka aikin akawun lauya bai wuce buga takarda da rungumar fayil a bi bayan Barista zuwa kotu ba. Ni Hamisu na haura shekara talatin ina wannan aiki a Funtua, kuma buga takarda shi ne mafi sauƙi a cikinsa. Aikin a baki yake. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ba ku taɓa ji ba ku ji yau.

Dokar shaida ta ce abin da mutum ya gaya wa lauyansa don neman mafita, lauya ba shi da ikon faɗarsa ko a gaban alƙali, sai in mai maganar ya yarda da bakinsa. Ba lauya kaɗai ta ɗaure ba, har da akawu da tafinta, wato har da ni da ku. Ko shari'a ta ƙare, ko mutum ya canja lauya, ko ya mutu, tana nan daram. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda yake tsoron maganarsa za ta fita ba zai faɗi gaskiya ba, lauyan da bai san gaskiya ba kuwa makaho ne a bakin rijiya. Ƙofa ɗaya aka bari, in mutum ya zo neman a taya shi aikata laifi. Wani ya taɓa zuwa mana a buga masa takardar cinikin gona a sa mata kwanan wata na shekarun baya. Maigidana ya nuna masa hanya, ya ce masa wannan kam ba sirri ba ne, ko gobe aka tambaye shi zai faɗa.

Maigidan nawa shi ne Barista Lamidi, Allah ya ji ƙansa, Bayerabe ne da bautar ƙasa ta kawo shi nan, ƙasar ta riƙe shi. Oga muke ce masa. Yana jin Hausar kasuwa, amma in tsohon ƙauye ya fara kwararo zance sai ya waiwayo ni, ni ne tafinta. A satina na farko na haɗu da wani ɗan kasuwar hatsi a tasha, wanda ya zo ofis jiya-jiya. Don in nuna ni ma na zama wani abu, sai na ce masa cikin mutane, "Alhaji, yaya maganar nan tamu?" Kafin in koma ofis har ya riga ni. Oga bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hamisu, wa ya gaya maka ka san mutumin nan? A waje ba ka san kowa ba, sai wanda ya fara gaishe ka." Wata guda ya hana ni shiga ɗakinsa, ina zaune a baranda ina huda takardu ina zura musu igiya.

Da tafireta muka fara, mai takardar kabon. Kabon ɗin nan in ka ɗaga shi a rana za ka karanta duk abin da aka buga, saboda haka kowace yamma nake ƙona na ranar a cikin tsohon kwanon sha a bayan ofis. Masu ƙosai sun sha roƙona tsofaffin takardu, ban taɓa ba su ko falle ba. In za a yi fotokwafi ina tsaye a kan mai shagon, wadda ta lalace ma in karɓe abata. Tagar Oga tana kallon teburin mai shayi, don haka da mutum ya zauna sai in kunna rediyo in ajiye a bakin tagar. Makullin kabad a wuyana yake kwana.

Wanda ya fi wuya shi ne 'yan rakiya. Mutumin ƙasar nan ba ya zuwa gaban babba shi kaɗai, sai ya zo da wansa, da kawunsa, wani lokaci har da mai unguwa. To maganar da aka yi a gaban taro yaya za ka ce sirri ce? Gobe mai unguwan nan za a iya kiransa shaida. Aikina ne in fitar da dattijo mai furfura daga ɗaki ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba. Nakan ce, "Baba, ga kujera mai kyau a baranda, iska ta fi kadawa, bari a kawo ruwa." Wasu su gane, wasu su yi fushi su ce yaran boko ba su da tarbiyya. Na sha zagi a kan wannan har na daina ji.

Duk da haka akwai wata ɓaraka da na bari, ban ma san ɓaraka ce ba. 'Yan'uwa da surukai in suka ji wani nasu yana da shari'a da ta ratsa ofishinmu, sukan tare ni a wurin suna ko jana'iza. Ba na faɗin abin da aka ce, Allah ya sani. Amma in na san babu abin tsoro sai in ce, "Ku kwantar da hankalinku, ba komai a ciki." Ina ganin kirki nake yi. Shekaru ina haka.

Wata ranar kasuwa da rani, wani tsoho ya hawo matakalar ofis yana dogara sanda. Dogo ne, baƙi, da jakar fata a rataye. Ya ce sunansa Ranau, daga wani gidan gona a bayan Gozaki. Bamaguje ne, cikin mutanen da suka riƙe addinin kakanni. 'Ya'yansa biyu suka rako shi, na zaunar da su a baranda, na kunna rediyo. Ƙa'idar Oga ita ce a fara ganin takarda kafin a buɗe baki. Na ce, "Baba, kawo sammacin." Ya dafe jakar ya ce, "Yaro, takarda ba ta san mafarin zance ba. Ni na sani." Oga ya duba agogo, ya ɗaga mini kai alamar a bar shi. Ni ma ban matsa ba, ina jin nauyin furfurarsa.

Ya yi fiye da sa'a guda yana magana. An kai shi ƙara a kan wata fadama da gidansu suke nomawa tun kafin a haife shi. Masu ƙarar sun ce aro ce kakanninsu suka bayar, yanzu suna son abinsu. A bakin fadamar gidansa yake, mutum kusan talatin, kuma kaburburan iyayensa suna ƙarƙashin wata tsamiya a can. Bai kama sunan kowa ba, "mutanen Ƙarfi" kawai yake cewa. Can wajen ƙarshe ya sassauta murya ya faɗi wani abu guda, wanda ya ce ko 'ya'yansa bai taɓa gaya wa ba. Na juya wa Oga shi kalma-kalma. Oga ya ajiye biro. Abin da ya faɗa ba za ku ji shi yanzu ba, sai mun kai inda shi da kansa ya faɗa. Ku dai sani abu ne da in masu ƙara suka ji, shari'ar ta juya.

Sai a lokacin ya zaro sammacin. Na warware, na ga sunan mai ƙara. Surukina ne, mahaifin matata Binta. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa.

Na ce, "Oga, akwai matsala." Na gaya masa da Turanci, ya ce in maimaita wa tsohon da Hausa, haƙƙinsa ne ya sani. Ya kuma ce in gaya masa yana da damar ya tafi wurin wani lauya, ko da ya tafi maganarsa ba za ta fita daga ɗakin nan ba. Ranau ya juyo gare ni.

"Kai ne mijin 'yarsa?"

"Ni ne, Baba."

"Aradu! To in na tafi, kunnenka zai biyo ni ne?" Ya mayar da jakarsa kafaɗa. "Ba inda za ni. Yanzu dai gidana yana cikin bakinka, yaro."

Oga ya gaya masa abu biyu kafin ya tashi. Ba zai faɗi abin da ya ji ba, kuma ba zai bar shi ya rantse a kan akasinsa ba. Masu ƙara su ne za su kawo hujja, in suna da ita. Daga ranar ya cire hannuna daga fayil ɗin, ya kulle shi a aljihun teburinsa, takardun shari'ar ma da kansa yake bugawa da yatsa biyu. Amma abin da kunne ya riga ya ji, wa zai cire shi?

Da amsar ƙara ta isa Ƙarfi ɗauke da hatimin ofishinmu, ba a yi sati ba Binta ta tafi sunan ɗan wanta. Ta ce kwana biyu za ta yi. Kwana biyu suka wuce, huɗu suka wuce. Sai wanta Sani ya kira ni ya ce Baba yana nemana ranar Juma'a, Binta kuma tana nan sai na zo.

Bayan an sauko daga masallaci na shiga zauren. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa nesa da buzun Baba, kaina a ƙasa. Sani yana gefe da wasu ƙannensa biyu. Baba mutum ne mai sanyin magana, ɗan kasuwar goro ne da ya tashi a hannun kawunsa a Gusau, sai da ya manyanta ya dawo gida. Shekara goma sha takwas ina aure a gidansa bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ya ce, "Malam Hamisu, ban kira ka don in tozarta ka ba. Mahaifina ya gaya mini da bakinsa fadamar nan tamu ce, aro aka ba su. Waɗanda suka sani duk sun mutu. Mutumin nan ya zauna da maigidanka, kai ne tafinta. Me ya ce?"

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ba ni da ikon maganar abin da aka faɗa a ofis."

Sani ya yi wata irin dariya. "Tun yaushe? Lokacin rigimar shagon Bala wa ya ce mana mu kwantar da hankali? Lokacin shanun Kawu fa? Kai ne sarkin ba komai. To faɗa mana mana. Ce ba komai a ciki, yadda ka saba, mu sallame ka ka tafi da matarka."

Nan na gane ramin da na haƙa wa kaina. In na ce ba komai, na yi ƙarya. In na ƙi cewa, na faɗa. Ina cikin haka sai ga ƙaramin ƙanensu ya fito da Alƙur'ani a gafaka ya ajiye a kan tabarma, ya turo mini buta.

Sani ya ce, "Yi alwala. Ba mu ce ka tona asirin kowa ba. Ka dafa ka ce ba ka ji wani abu da zai amfane mu ba, shi ke nan."

Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na dubi butar, na dubi gafakar. Na ce, "Yaya Sani, ba zan dafa ba. Ko da abu ko babu, ba zan dafa ba."

"Ko da abu ko babu," in ji Baba a hankali, kamar yana ɗanɗana maganar. Ya ɗaga hannu aka ɗauke Alƙur'anin. "Ya isa. Shiru ma magana ce. Akwai abu, kuma ka san shi. Je ka yi tunani. Binta tana nan."

Sun bar ni na gan ta a soron ciki. Tana tsaye da autarmu a goye, idonta ya kumbura. Ta ce, "Malam, ni ka gaya wa. Na rantse ba zan kai gaba ba. So nake kawai in san ko ubana yana da gaskiya."

"Binta, in na gaya miki na ɗora miki kayan da ni ma sun fi ƙarfina. Kuma ba nawa ba ne da zan bayar."

"Shekara goma sha takwas ina dafa maka, ina haifa maka, amma akwai wani tsoho a Gozaki da ya fi ni a wurinka."

"Bai fi ki ba."

"To faɗa."

Ban faɗa ba. Ta juya ta shige, na hau babur na koma Funtua wurin yara uku da tukunya babu mai ɗorawa.

Da safe na gaya wa Oga duk yadda aka yi, har da tsohuwar ɗabi'ata ta ba komai. Ranar ce kaɗai na ga ya buga tebur. Ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka? Ƙin amsa tun babu komai ake fara shi, Hamisu. In sai ranar da akwai abu za ka rufe baki, ka buga musu ganga ke nan." Ya sa aka kira Ranau aka gaya masa, don bai kamata ya ji a wani wuri ba. Tsohon ya ɓara goro ya jefa a baki.

Abin da Oga ya ji tsoro shi ya faru. Tunda sun tabbata akwai abu, su Sani suka bazama ƙauyukan Gozaki gida-gida suna tambayar tsofaffi. Ba su samo komai ba, sai zuciya ta hau. Da ruwan shuka ya sauka suka kwashi matasa da fartanyu suka nufi fadamar wai za su shuka. 'Ya'yan Ranau suka fito da gatura suka ja layi a kan kunya. Sani ya kira ni daga can, ina jin ihu ta cikin wayar, ya ce, "In jini ya zuba yau a wuyanka yake. Kalma ɗaya ce za ta kashe wutar nan." Ina tsaye a barandar ofis a lokacin. Na kashe wayar na shiga na gaya wa Oga, shi ya kira 'yan sanda da dagaci. Allah ya taƙaita, mutum ɗaya aka fasa wa goshi.

Sai suka bi ta kotu. Lauyansu, wani matashi mai zafin kai, ya sa aka aiko mini da sammacin shaida. Ranar zaman kotun ta cika, mutanen Ƙarfi a dama, na Gozaki a hagu. Na shiga akwatin shaida, wurin da na yi shekaru ina kallon wasu a ciki. Baba yana benci na biyu, da farar riga da carbi, yana kallona. Lauyan ya tambayi sunana da aikina. Sannan ya ce, "Ranar da wanda ake ƙara ya fara zuwa ofishinku, kai ka yi tafinta. Gaya wa kotu abin da ya ce game da asalin fadamar."

Oga yana da ciwon gwiwa, kafin ya miƙe sai da ya ɗan ɗauki lokaci. Wannan ɗan lokacin ya fi mini shekara tsawo. Da na buɗe baki, da magana ta fita, kuma magana zarar bunu ce. Amma da kafin yamma Binta ta dawo ɗakinta. Na kama ƙarfen akwatin na ƙura wa bango ido.

"Ban yarda da tambayar nan ba, ya mai shari'a," in ji Oga.

Mai shari'ar wata dattijuwa ce mai gilashi. Ta saurari kowane ɓangare, sannan ta ce dokar a fili take, kariyar ta haɗa da akawu da tafinta, kuma ba ta lauya ba ce, ta mai maganar ce. Shi kaɗai zai iya ɗage ta. Ta sa tafintan kotu ya tambayi Ranau ko ya yarda. Ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ban yarda ba." Ta ce in sauka. Da zan wuce ta gaban bencin Baba na ɗan rusuna kamar yadda na saba, ya kawar da kai.

Oga bai sa Ranau a akwatin shaida ba ko sau ɗaya. Maƙwabta ya kira, suka faɗi abin da suka gani da idonsu, cewa tun tasowarsu gidan Ranau suke gani a fadamar. Da aka tambayi Baba hujjarsa, ba shi da ita sai maganar mahaifinsa. Aka kori ƙarar. A bakin kotu wasu marasa kunya suna ta cewa ashe tsohon ƙarya ya bar wa ɗansa gado, Baba yana ji. Sani ya tare ni a wurin ya ce in rubuta wa ƙanwarsa takarda. Na ce hannuna ba zai rubuta ba. Suka matsa wa Binta ta kai ni gaban alƙali a raba auren, ta ce ba za ta ba. Na aika mata ta dawo, ta ce ba za ta fita gidan ubanta ba sai da izininsa. Haka muka zauna, ba aure ba saki, har damina ta sake zagayowa ta wuce. Ita ce shekarar da ba na son tunawa. Na koyi tuƙa tuwo, na koyi tsefe kan yarinya, a unguwa kuwa ana nuna ni ana cewa ga wanda ya sayar da surukinsa.

Bayan an yi girbin dawa Ranau ya sake hawo matakalar nan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce na rame. Ya ce, "Matar ta dawo?" Na ce a'a. Ya wuce ɗakin Oga ya ce in biyo shi in juya.

"Lauya, maganar nan da na gaya maka, ta wa ce?"

"Taka ce."

"In na faɗa da bakina, za a ƙwace fadamar?"

Oga ya ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, hukunci ya zauna, amma ba zai ɗaukar masa alkawarin ba za su sake gwada wata hanya ba. Shawararsa ita ce ya yi shiru.

"Shawara ce ko doka?"

"Shawara ce."

"To na ji shawara, na gode." Ya juyo gare ni. "Jibi ka same ni a Ƙarfi da hantsi."

Oga ya buga takarda cewa Ranau ya sake mu daga riƙon maganar, na karanta masa sau biyu, ya dangwala yatsa. Tana cikin kabad ɗin can har yau. Ba don ita ba, da ko ku ba za ku ji wannan labari ba.

Da hantsi na isa, na tsaya nesa da ƙofar gidan. Sai ga a-kori-kura ta sauke shi a bakin hanya. 'Ya'yansa suka sauko da damin dawa guda, babba, suka ɗora masa a ka. Sun so su ɗaukar masa ya hana. Tsoho mai shekara kusan tamanin, ya ba ɗansa sandar, ya tako a hankali wuyansa yana rawa, mutane suna fitowa daga gidaje suna bin sa. Ku 'yan birni ba ku sani ba, a ƙasar nan wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya kowace kaka. Ba kuɗin haya ba ne, shaida ce cewa bai manta mai gona ba. Duk wanda ya ga damin nan a kan Ranau ya san abin da ake ciki tun kafin ya yi magana.

Ya sauke shi a ƙofar zaure, ya yi sallama irin tasu. Baba ya fito, Sani a bayansa.

Ranau ya ce, "Ina yaro ni nake ɗauko wannan a kaina in kawo ƙofar nan kowace shekara. Ubanka ne yake karɓa, ya ba ni fura. Shekarar da aka yi yunwa ya ce a bari sai an samu sauƙi. Sauƙi ya zo, manya suka mutu, ni kuma na yi shiru. Abin da na gaya wa lauya ke nan, yaron nan ya juya. Kotu ta bar mini fadama, kuma ba zan tashi daga kan kabarin ubana ba. Amma ubanka bai yi ƙarya ba. In kana karɓa, kowace kaka za a kawo, ko bayan raina."

Sani ya fara hargowa yana cewa a koma kotu. Baba ya ce masa, "Rufe mini baki." Ya sunkuya ya shafa kan dawar, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "A shigar da shi ciki. A kawo wa baƙo fura." Sannan ya ɗago ya hango ni.

"Malam Hamisu, matso. Wannan ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Kana tsaye ana ce wa ubana maƙaryaci, ka sani."

"Na sani, Baba."

Ya kawar da kai daga gare ni. Sannan ya ce, "A gaya wa Binta ta haɗa kayanta ta bi mijinta. Kai kuma ƙafarka kada ta sake taka zauren nan."

A ranar ta dawo. Ba a sake komawa kotu ba, dami kuma bai fasa zuwa ba har yau, jikokin Ranau ne suke kawowa. Amma maganar Baba ta zauna. Shekara goma sha ɗaya ina kai Binta Ƙarfi a kan babur, in sauke ta a ƙofa, in koma gindin wata darbejiya a tsallaken hanya in jira. Da salla ina aika gaisuwa, ba a taɓa dawo mini da amsa ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, don ina ƙaunar mutumin nan.

Da ciwon ajali ya kama shi Binta ta yi sati uku tana jinyarsa. Na bi jana'izarsa a sahun baya. Bayan an yi addu'ar bakwai na je ɗauko ta. Mun bar Ƙarfi ke nan, tana bayana a kan babur, sai ta ce, "Malam, Baba ya yi maganarka kwana biyu kafin ya cika."

Na taka birki na gangara gefen titi. Na ce, "Me ya ce?"

Ta gyara mayafinta. "Ya ce in riƙe a wurina."

"Binta, don girman Allah. Ya yafe ko bai yafe ba?"

"Ni ya gaya wa, Malam," in ji ta. "Tayar da babur, rana tana yi."

Na tayar. Bana shekara tara ke nan, tuwo ɗaya muke ci, ban sake tambayarta ba.